Ban da Siyasa, In Ji Shugaba

Kusan kowace ƙungiyar masu fasaha a Arewa tana da wata doka da kowa ya haddace amma ba mai bin ta: ban da siyasa. Marubuta suna da ita, mawaƙa suna da ita, 'yan fim da masu zane ma haka. Yawanci ana rubuta ta a kundin ƙungiya dab da sakin layin da ya yi maganar kuɗin wata, kuma su biyun ƙaddararsu ɗaya. A shekarar da babu zaɓe dokar barcinta take yi, ba mai tashinta. Amma da zarar fastoci sun fara rufe gadojin sama da katangun makarantu, sai ka tausaya wa bawan Allahn da aka ɗora wa jagorancin zama. Jiya aikinsa bai wuce ya ce, "Malam wane, bismilla, karanto mana" ba. Yau ya koma rabon faɗa.

Kada a ɗauka shugabannin nan ba su san daɗin hirar siyasa ba ne. Sun sani sarai, wasunsu ma sun fi kowa. Abu biyu ne ya sa su kafa dokar, tsoro da tuwo. Wanda ya zauna Kano ya ga yadda aka ɗaure Adam A. Zango a 2007, aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyantama a ƙarshen 2008 bayan ya yi takarar gwamna a 2007, aka kama Aminu Ala a 2009, aka kuma kama Naziru Sarkin Waƙa a 2019, ba sai an ce masa ya iya bakinsa ba. Takardar tuhuma takan ce ba a kai aiki Hukumar Tace Finafinai an duba ba, mutanen gari kuma kowa da tasa fassarar. Ta ɓangaren tuwo kuwa, zauren da ake taron aro ne, galibi na gwamnati. Ranar ƙaddamar da littafi kuma, babban mai ƙaddamarwa ɗan siyasa ne, shi zai sayi kwafi biyar a kan kuɗin da marubucin ba zai samu ba ko da ya sayar da bugun gaba ɗaya a kasuwa. Ƙungiyar da aka yi wa shaidar ta karkata gefe guda, to ta rufe wa kanta rabin ƙofofin gari.

Wanda yake fara gwada haƙurin shugaba shi ne Malam Ni-ba-ɗan-siyasa-ba. Da wannan yake buɗe baki, ya dafa ƙirji, ya ce shi ko katin zaɓe bai je ya karɓa ba. Sai ya ja numfashi ya ce, "Amma fa gaskiya ɗaya ce." Daga wannan amma ɗin zuwa inda zai sauka, ya sauke gwamna, ya naɗa wani, ya raba kujerun sanatoci uku, ya kuma faɗi wanda zai sha ƙasa a zaɓen fid da gwani. In shugaba ya ƙwanƙwasa tebur, sai ya zaro ido cikin mamaki na gaske: "Ranka ya daɗe, wannan ai ba siyasa ba ce, halin da ƙasa take ciki ne." Ba ƙarya yake yi ba, har zuciyarsa haka ya ɗauka. A wurinsa siyasa ita ce abin da mutumin ɗaya ɓangaren ya faɗa. Duk sauran da za su biyo baya suna da ɗan jininsa a jikinsu.

Akwai kuma wanda ba ya cewa uffan, hularsa ce take magana. Tun da jar hula ta zama tambari a Kano bayan dawowar Kwankwaso mulki a 2011, wannan bawan Allah ya huta da musu. Zai zo da wuri ya kama kujerar gaba, fararen kaya, jar dara. In mai karatu ya ambaci gadar sama ko tura yara karatu waje, ko da cikin labarin soyayya ne, sai ya kai hannu ya gyara zaman hular, ya waiga ya dubi jama'a. Abokin karawarsa yana can ɗaya gefen da hula mai ɗinkin tambarin nan na Tinubu. Ana karanta waƙar damina, ana maganar ƙamshin ƙasa da kukan kwaɗi, su kuwa huluna biyu suna ta hararar juna ta saman kawunan mutane. Na ga shugaban da ya buɗe kundi shafi-shafi yana neman sashen da ya yi magana a kan hula, bai samu ba. Da ya kawo shawarar kowa ya riƙa cire tasa a bakin ƙofa, wani dattijo ya tambaye shi ko ya taɓa ganin magidanci ya zauna cikin taro kai a buɗe, ko aski aka zo. Nan maganar ta mutu.

Wanda na fi so a cikinsu, kuma wanda ya fi wahalar da shugaba, shi ne mai habaici. Shi ba ya karya doka, ta ƙarƙashinta yake bi. Zai miƙe a natse ya ce tatsuniya ya kawo, ta yara. Wai a wani daji aka ba dila ajiyar baitulmali, shi kuma dilan yana da wata babbar riga mai zurfin aljihu. Kafin ya kai ƙarshen jimlar, rabin zauren ya kece da dariya, ɗaya rabin ya murtuke. Wata mai zuwa sai takwaransa na ɗaya ɓangaren ya rama da tasa: wata giwa ce aka naɗa sarautar dawa, ba ta kwana bakwai ba ta hau rushe rumfunan kasuwa. Masu dariyar wancan watan su ne masu murtukewar wannan. In an tashi da ƙorafi, amsarsa a shirye take: "Allah ya ba shugaba nasara, ni dabbobi na ambata. Mai kaza a aljihu ai shi ne ba ya jimirin as." To me shugaba zai ce? In ya hana, ya yarda kenan ya gane wanda ake nufi, kuma shi ne ya fassara da bakinsa. In ya ƙyale, a ce da shi aka haɗa baki. Habaici da zambo kuwa ba yau aka fara su ba, makaɗan fada da su suka ci abinci, kuma duk wanda zai hana su sai ya fara ɗauke rabin waƙoƙin Shata ya kulle a akwati.

Matsalar ita ce gwanayen habaici kaɗan ne, masu kwaikwayo sun fi yawa. Gwani yakan bar wa mai sauraro ɗan aiki, ya bar wa kansa kuma ƙofar fita. Ɗan koyo kuwa tsoro yake kada a kasa ganewa, sai ya yi ta ƙara alama har tatsuniyar ta koma takardar shaida. Wani ya taɓa karanto mana labarin wata kura da ta yi gwamna sau biyu. Ya manta daga 1999 zuwa 2023 mutum uku ne suka mulki Kano, Kwankwaso da Shekarau da Ganduje, kuma kowannensu sau biyu ya yi. Ya yi niyyar tsokanar gida ɗaya, gida uku suka taso masa. A iya sanina, ranar ce kaɗai aka ga 'yan ɓangarorin nan sun haɗa kai a kan magana ɗaya.

Sai Baba. Kowace ƙungiya tana da Babanta, mai furfura da tsohuwar jaka cike da takardun da suka yi ja. Shi a ganinsa dokar ma cin fuska ce. Yakan dogara sanda ya miƙe ya ce, "Yaro, wa ya gaya maka alƙalami da siyasa sun taɓa raba gari?" Daga nan sai lissafi. Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, mawaƙi ne kuma ɗan gwagwarmaya. Mudi Sipikin yana cikin mutum takwas da suka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, kuma da waƙa ya yi yaƙinsa, haka Gambo Hawaja. Abubakar Imam na Magana Jari Ce, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, da shi aka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar tun kafin ya yi mafarkin zama Firayim Minista. Shehu Shagari ya yi Waƙar Nijeriya yana malamin makaranta. Shata kansa ya shugabanci SDP a Funtuwa. "To cikin waɗannan," in ji Baba, "wanne za ka ce wa ya zauna, ban da siyasa?"

Abin haushin, Baba yana da gaskiya, kuma shugaba ya san haka. Inda gizo yake saƙar shi ne Baba ba ya iya taƙaitawa. In ya ɗauko daga 1950, sai ya bi ta kan 'yan Mahaukata da ɗaurin da alƙalan En'e suka yi wa 'yan Sawaba, ya tsaya ya yi wa Malam Aminu Kano addu'a, ya share hawaye, ya ci gaba. Rana tana faɗuwa shi bai wuce rabuwar PRP gida biyu, Santsi da Taɓo, da tsige Balarabe Musa a Kaduna a 1981 ba. Ba kuma mai iya katse shi, don ya haifi shugaban, wataƙila ma ya koyar da babansa. In an miƙa masa 'yar takarda an rubuta saura minti biyu, sai ya linke ta ya sa a aljihu ya ce zai karanta in ya je gida. Mutum ɗaya ne a duniya yake iya karɓe magana daga bakin Baba, shi ne ladanin masallacin da ke kusa.

Mawaƙin kwangila shi ba ya ɓoye-ɓoye. "Ni sana'a nake," in ji shi, kuma a cikin taron nan kaf babu wanda ya kai shi gaskiya. Tun da ya ga inda waƙar siyasa ta kai Dauda Kahutu Rarara, daga Buhari a 2015 zuwa Tinubu a 2023, ya daina wahalar da kansa da waƙar soyayya. Kiɗa ɗaya gare shi a situdiyo, ya zuba masa kirari na gama-gari, gwarzo, garkuwar talakawa, mai hana kuka, ya bar gurbin suna. In ɗan takararsa ya faɗi zaɓen fid da gwani, kafin gari ya waye ya cire sunan ya dasa na wanda ya ci. Addu'arsa kullum Allah ya sa gaɓoɓin sunayen su zo daidai, don kada ya sake biyan kuɗin ɗauka. Dabararsa a wurin zama ita ce ya ɗaga waya ya ce, "'Yan uwa, ga wani ɗan aiki na yi, ina so masana su duba mini kari da amsa-amo." Sai ya ƙure murya. Minti bakwai ana kiran sunan ɗan takarar majalisar jiha cikin zauren da aka hana siyasa, kuma bisa ƙa'ida, don aiki ya kawo a yi masa gyara. Ka lura da ƙafar mai jar hula a lokacin. Fuskarsa a ɗaure take, amma ƙafar tana bin kiɗan.

Babban mai sukarsa shi ne Malam Fasaha-zalla. Shi ba ya rubuta komai sai furanni da farin wata da kewar masoyi. In an taɓo siyasa sai ya yamutsa fuska ya ce an zubar da darajar alƙalami, marubuci ya fi ƙarfin jam'iyya. Shi ne yake tsaya wa shugaba a kan doka, har ya nemi a ƙara mata tara. Yana nan a haka har ranar da aka karanto sunansa a rediyo cikin jerin mataimaka na musamman. Tun da aka ga an ba Abba El-Mustapha shugabancin Hukumar Tace Finafinai ta Kano a 2023, aka ba Ali Nuhu Hukumar Finafinai ta Nijeriya a 2024, kowa ya gane kujera tana iya faɗowa kan ɗan fasaha, kuma ba laifi ba ne. Laifin Malam Fasaha-zalla shi ne a zama na gaba zai iso a makare, da mai riƙe masa waya, ya nemi ƙungiya ta shirya kai wa Mai Girma ziyarar ban girma. In an tuna masa da doka sai ya yi murmushi ya ce ai wannan ba siyasa ba ce, ci gaban adabi ne.

Dakta daga jami'a ba ya ɗaukar gefe, shi sama yake bi. Zai nemi izinin yin ɗan gajeren tsokaci, ya kwashe rabin awa yana tabbatar da cewa komai siyasa ne, hana siyasa ma siyasa ce, har tsarin jera kujerun zauren. Ba wanda yake fushi da shi, don ba wanda ya gane wa ya zaga.

Mai zuciya kuwa sau ɗaya za a ce masa ya dawo kan batu. Sai ya tattara takardunsa ya ce ya bar ƙungiyar nan har abada, tunda ta zama reshen jam'iyya. Amma tafiyarsa daga kujera zuwa ƙofa a hankali take, yana ɗan jinkirtawa wajen neman takalmi, ko Allah zai sa wani ya riƙo rigarsa. In an riƙo, ya dawo ya zauna yana huci. In ba a riƙo ba, har abadan nan takan ƙare ranar da labari ya bazu cewa wani Alhaji ya aiko wa ƙungiya da buhunan shinkafar azumi. Ƙaninsa a hali shi ne ɗan raɗa, wanda ba ya magana a zaure sai dare ya raba ya kira shugaba a waya. Ya riƙe lissafi tsaf: an bar wane ya yi minti tara, shi nasu an katse shi a minti shida. "Ni ba komai, Yallaɓai, amma mutane suna magana." Mutanen nan shi kaɗai ne.

Su ma shugabannin ba a rasa nasu ba. Akwai mai bulala, wanda ko kalmar tsada aka ambata cikin waƙa sai ya ce a tsaya, har ya kai marubuci ba ya iya sa tauraronsa ya sayi man fetur. Zaurensa lafiya lau, sai dai ba kowa a ciki. Akwai Malam A-yi-haƙuri, wanda yake ba kowa gaskiya, ya ba mai zagi haƙuri, ya ba wanda aka zaga haƙuri, a tashi ba a karanta ko shafi ɗaya ba. Akwai kuma wanda kunnensa ɗaya ne yake ji. In 'yan gidansu suna magana sai ya duƙufa duba ajanda, in ɗaya ɓangaren suka buɗe baki sai ya tuna da agogo. Wannan shi ya fi kowa yawan faɗin ban da siyasa.

Ana cikin wannan duka, akwai wata baiwar Allah a layi na uku da ba wanda ya kula da ita. Ta gama girki da wuri, ta bar yara wajen maƙwabciya, ta hau A Daidaita Sahu biyu da kuɗin da ya ninka tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023. A cinyarta akwai littafin rubutu mai bangon leda, ta sa tsinken tsintsiya a shafin da za ta fara, babi na huɗu, wanda ta kwana uku tana gyarawa. Sunanta ne na biyu a jerin masu karatu. Tana duba agogon waya, tana duban Baba, don dole ta kasance a gida kafin magariba. Gefenta wani saurayi ne da zanensa a naɗe cikin jarida, ya kawo a gaya masa ko inuwar fuskar ta yi daidai. Su ba sa fushi, ba sa buga ƙofa, ba sa kiran shugaba da dare. Wata biyu, uku, sai kawai a daina ganinsu. Ƙungiyar da na ga ta mutu ba faɗa ne ya kashe ta ba, don masu faɗan har yau suna haɗuwa wajen mai shayi. Irin waɗannan biyun ne suka janye ɗaya bayan ɗaya, aka wayi gari babu mai abin karantawa, sai sojojin baka.

Mutum ɗaya na sani da take kashe wutar nan cikin daƙiƙa, ita ce Hajiya ma'aji. In musu ya yi zafi sai ta buɗe jaka ta ciro littafin kuɗin wata, ta gyara tabarau ta ce, "Shugaba, tunda kowa ya samu bakin magana, bari in karanto masu bashi." Nan take za ka ji zaure ya yi tsit. Waɗanda suka gama gyara tattalin arzikin Nijeriya yanzun nan, kowa ya sunkuyar da kai yana latsa waya.

A ganina dokar ce aka rubuta ba daidai ba. Ba za a raba mawaƙin Hausa da siyasa ba, Baba ya riga ya gama wannan shari'ar. Shugaban da na ga ya fi kowa samun sauƙi cewa ya yi kowa ya kawo aikinsa, ko na wace jam'iyya ne, amma aikin za a tattauna, ba wanda ya biya kuɗinsa ba. Mawaƙin kwangila ya sa waƙarsa, aka ce masa baiti na uku ya karye, amshin kuma aro ne. Mai tatsuniyar kura aka ce ya rage alamomi ya bar mutane su yi tunani. Abin mamaki, sai ga mai jar hula yana gyara wa mawaƙin abokan hamayya amsa-amo, don kunnensa ya kasa jure gurguwar ƙafiya ko ta wace jam'iyya ce. Wanda kuma bai zo da waƙa ko labari ko zane ba, sai ra'ayi tsagwaronsa, aka nuna masa teburin mai shayi a waje, inda ba a taɓa kafa wa kowa doka ba.

Saboda haka, in kai aka tsayar shugaba a shekarar zaɓe kuma ka rasa hanyar zillewa, ka sa zaman bayan la'asar don ladan ya taimake ka, ka zaunar da ma'aji a damanka da littafinta a buɗe, sannan ka kira mai babi na huɗu ta karanta nata tun kafin Baba ya gyara murya.